MARIGAYI BRANKO ZEBEC: GWANIN HORAR DA 'YAN ƘWALLO DA YA KASA HORAR DA KANSA

Duk ranar da ake buga wani babban wasan ƙwallon ƙafa a ƙasashen Turai, wanda ya zaga garuruwan ƙasar Gwandu, tun daga Maruda da Kalgo har zuwa Birnin Kebbi, zai tarar da samari sun yi cincirindo wajen kallo ko sauraro, kowa da ƙungiyar da yake goyon baya. A cikin sunayen da ba su barin bakinsu akwai Bayern Munich ta ƙasar Jamus, wadda ya zuwa shekarar 2020 ta ɗauki kofin zakarun Turai har sau shida. Amma da za a tsai da su a tambaye su ko wane ne ya fara ciyo wa wannan ƙungiya gasar Bundesliga, da wuya a sami mai amsawa.

To, mutumin nan ba Bajamushe ba ne. Sunansa Branko Zebec, ɗan ƙasar Kuroshiya, wadda a zamaninsa yanki ce cikin tarayyar Yugoslabiya. Ya yi suna yana ɗan wasa, ya kuma ƙara yin suna yana mai horar da 'yan wasa. Ya gina ƙungiyoyi uku waɗanda suka girgiza Turai, amma ba ɗaya daga cikinsu da ya zauna ya ci amfanin gininsa har ƙarshe. Mutum ne wanda ya iya juya 'yan wasa goma sha ɗaya kamar waina a tanda, sai dai akwai mutum guda da ya gagare shi juyawa, watau shi kansa.

HAIHUWARSA DA TASOWARSA

An haifi Branislav Zebec, wanda duniya ta sani da Branko, ran 17 ga watan Mayu na shekarar 1929 a birnin Zagreb. Yana ɗan shekara goma sha ɗaya, bai ko cika sha biyu ba, yaƙin duniya na biyu ya iso ƙasarsu, sa'ad da sojojin Jamus suka mamaye Yugoslabiya cikin watan Afrilu na 1941. A cikin wannan hali na yaƙi ne ya fara koyon tamaula a ɓangaren yara na ƙungiyar Građanski, wadda ita ce babbar ƙungiyar birnin a lokacin.

Da yaƙi ya ƙare a 1945, sai 'yan gurguzu suka karɓi mulki a ƙarƙashin Mashal Tito. Sabuwar gwamnati ta rushe Građanski, aka kafa wata ƙungiya mai suna Dinamo a madadinta, ta gaji shuɗiyar rigarta da magoya bayanta. Zebec kuwa ya ci gaba da wasa a ƙananan ƙungiyoyin Zagreb, irin su Lokomotiva da Borac, har idon manya ya kai kansa.

Abin da ya fara jawo hankalin mutane gare shi shi ne gudu. In ya ɗauki ƙwallo ta gefen hagu, a gurbin lamba goma sha ɗaya, da wuya ɗan baya ya cim masa. Ga shi kuma ƙafar dama da ta hagu duk ɗaya suke a wurinsa. Bayan wannan yana da basirar karanta wasa, har ta kai babu gurbin da ba a iya sa shi a fili, in ban da tsaron gida. Da shekaru suka fara ja, sai ya koma baya ya zama lamba biyar, ya kuma yi fice a nan kamar yadda ya yi a gaba. Wannan zagaye da ya yi a fili, daga mai kai hari zuwa mai tare hari, shi ne makarantar da ta koya masa abin da ya koyar daga baya.

A shekarar 1951 ƙungiyar Partizan ta birnin Belgrade, wadda hafsoshin sojan ƙasar suka kafa, ta ɗauke shi. A can ya tarar da waɗansu 'yan garinsu da suka riga shi, watau Stjepan Bobek da Zlatko Čajkovski. A riƙe sunan Čajkovski, domin za mu sake gamuwa da shi a gaba. A wannan shekara kuma aka fara kiran Zebec ya buga wa ƙasarsa.

WASAN DA YA ZAMA YAƘI

Shekarar 1952 ce ta fito da shi duniya, a wasannin Olamfik da aka yi a ƙasar Finlan. A wasan farko Yugoslabiya ta lallasa Indiya da ci goma da ɗaya, Zebec shi kaɗai ya zura huɗu. Daga nan sai ƙuri'a ta haɗa su da Tarayyar Sobiyet.

Wannan haɗuwa ba ta wasa kaɗai ba ce. Tun shekarar 1948 Tito da Stalin suka raba gari, ƙasashen biyu suna zaman doya da manja, kowane shugaba kuwa yana son 'yan wasansa su nuna wa duniya wane ne a kan daidai. Aka kara a garin Tampere ran 20 ga watan Yuli. Yugoslabiya ta yi gaba har ci biyar da ɗaya, Zebec na cikin waɗanda suka ci, kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Ashe da sauran rina a kaba. 'Yan Sobiyet suka taso haiƙan, kyaftin ɗinsu Vsevolod Bobrov ya ci uku, aka tashi kunnen doki biyar da biyar. Bayan kwana biyu aka sake karawa, Yugoslabiya ta yi nasara da ci uku da ɗaya. Fushin da hukumomin Mosko suka yi bai tsaya a baki ba, domin sai da suka rushe ƙungiyar sojansu ta ƙwallo, wadda waɗansu daga cikin 'yan wasan suka fito daga cikinta.

Yugoslabiya ta wuce Danmak da Jamus ta kai wasan ƙarshe a Helsinki, inda ta gamu da Hangari ta su Ferenc Puskás, ƙungiyar da ba ta da na biyu a duniya a wancan zamani. Hangari ta ci biyu ba ko ɗaya. Zebec ya koma gida da lambar azurfa da ƙwallo bakwai, ba wanda ya fi shi ci a gasar.

Shekara guda bayan haka, ran 21 ga watan Oktoba na 1953, aka zaɓo gwanayen 'yan wasa daga ƙasashe daban-daban domin su kara da Ingila a filin Wembley, Zebec na cikinsu. Aka tashi huɗu da huɗu. Ya halarci gasar cin kofin duniya sau biyu. A ta 1954 a Suwizalan shi ne ya ci wa ƙasarsa ƙwallo a wasan da suka yi ɗaya da ɗaya da Burazil. A ta 1958 a Suwidin shi ne kyaftin. Duka biyun kuwa Jamus ta Yamma ce ta fitar da su a zagayen 'yan takwas. A 1960 ya jagoranci 'yan ƙasarsa suka doke Faransa da ci biyar da huɗu a birnin Paris, suka kai wasan ƙarshe na gasar ƙasashen Turai ta farko, inda 'yan Sobiyet suka rama abin da aka yi musu a Tampere. Jimla ya buga wa Yugoslabiya wasa 65, ya ci ƙwallo 17.

A Partizan ya ci kofin ƙasa sau uku, a 1952 da 1954 da 1957, amma gasar lig ta ƙi ci masa. Magoya bayan ƙungiyar sun fi tunawa da kakar 1955 zuwa 1956, wadda a cikinta aka ƙirƙiro kofin zakarun Turai. Real Madrid ta su Di Stéfano ta yi musu huɗu ba ko ɗaya a Madrid ran Kirsimeti. Da aka zo Belgrade a ƙarshen watan Janairu, fili ya rufe da dusar ƙanƙara, Partizan ta rama uku, saura ƙiris ta fitar da ƙungiyar da ta je ta ɗauki kofin sau biyar a jere.

A 1959 Zebec ya yi abin da ba kowa ke da ƙarfin halin yi ba, ya tsallaka zuwa Red Star, babbar abokiyar hamayyar Partizan a gari guda. A can ne ya ci gasar lig a 1960. A zamanin nan hukuma ba ta barin ɗan wasa ya fita waje sai ƙuruciyarsa ta wuce, saboda haka sai a 1961, yana da shekara 32, ya sami izinin tafiya Jamus ta Yamma. Ya sauka a ƙungiyar Alemannia ta garin Aachen, kusa da iyakar Beljiyam da Holan, ya yi shekara huɗu yana tsare mata baya, ya koyi harshen Jamusanci da halayen mutanen ƙasar, kana ya rataye takalmansa a 1965.

GINI NA FARKO: DINAMO ZAGREB

Ya koma garinsu aka damƙa masa Dinamo, magajiyar ƙungiyar da ya fara wasa a cikinta yana yaro. A kakar 1966 zuwa 1967 ya shiga da ita gasar Kofin Biranen Baje Koli, wadda kofin UEFA ya gada daga baya. Tafiyar ta fara da sa'a, domin a zagayen farko sun yi canjaras da wata ƙungiya ta garin Brno, sai da aka jefa kwabo sama kafin a san mai wucewa. Amma abin da ya biyo baya ba sa'a ba ce. Sun fitar da Juventus ta Italiya, bayan sun yi biyu da biyu a Turin sun kuma ci uku ba ko ɗaya a Zagreb. A wasan kusa da na ƙarshe Eintracht Frankfurt ta yi musu uku a Jamus, suka dawo gida suka rama huɗu.

Saura wasan ƙarshe da Leeds United ta Ingila. Sai dai ba a buga shi ba sai ƙarshen watan Agusta da farkon Satumba na 1967, a lokacin kuwa Zebec ya riga ya bar aikin. Ivica Horvat, tsohon abokin wasansa a ƙungiyar ƙasa, shi ne ya zauna a benci sa'ad da Dinamo ta ci biyu a Zagreb ta kuma riƙe Leeds ba ci a Ingila. Wannan shi ne babban kofin Turai na farko da wata ƙungiyar Yugoslabiya ta ɗauka. Zebec ya yi noma, wani ya kai amfani rumbu. Ba shi ne karo na ƙarshe da hakan ta same shi ba.

GINI NA BIYU: BAYERN MUNICH

A shekarar 1968 Bayern Munich ba ita ce Bayern da aka sani daga baya ba. Sau ɗaya tak ta taɓa zama zakaran Jamus, tun a 1932, har ma da aka kafa gasar Bundesliga a 1963 ba a sa ta ciki ba. Zlatko Čajkovski, ɗan garin su Zebec da muka ambata, shi ne ya hau da ita a 1965 da waɗansu samari uku: Franz Beckenbauer, da mai tsaron gida Sepp Maier, da Gerd Müller. Čajkovski mutum ne mai fara'a da barkwanci, ya sakar wa yaran mara su kai hari yadda suka ga dama. Sun ci kofin Jamus sau biyu, sun kuma ci wani kofin Turai a 1967. Amma gasar lig, wadda ke bukatar juriyar wasa 34, ta gagare su, domin yadda suke ci haka ake cin su. A kakar ƙarshe ta Čajkovski an zura musu ƙwallo 58, suka ƙare a matsayi na biyar.

Zebec ya zo da hali dabam. Ba shi da yawan magana, ba ya wasa da yara, ba ya karɓar uzuri. Ya sa su gudu har sai da waɗansu suka ga kamar ransu zai fita. Gerd Müller, wanda Čajkovski ke tsokana da ɗan gajere mai ƙiba, ya zube ya zama kamar bulala. Ya koya musu cewa ƙwallon da ke ƙafarka ba ta iya shiga ragarka, saboda haka a riƙe ta, a juya ta, kada a yi gaggawa sai an ga ƙofa. Ya kuma ɗora tsarin bayan a kan Beckenbauer.

Sakamakon bai jinkirta ba. Bayern ta hau kan tebur tun wasan farko, ba ta sauko ba har na ƙarshe. Ƙwallayen da aka ci ta suka ragu daga 58 zuwa 31. Müller ya ci 30 shi kaɗai. Sun ba ta biyu ratar maki takwas, a zamanin da maki biyu ake ba wanda ya ci wasa, ta biyun kuwa ba wata ba ce illa Alemannia Aachen, tsohuwar ƙungiyar Zebec. Abin da ya fi ba da mamaki shi ne 'yan wasa goma sha uku kacal ya yi amfani da su a kakar gaba ɗaya. Cikin watan Yuni na 1969 suka ƙara da kofin Jamus, suka doke Schalke da ci biyu da ɗaya, Müller ya ci duka biyun. Tun da aka kafa Bundesliga ba a taɓa samun ƙungiyar da ta haɗa kofunan nan biyu a shekara guda ba sai a wannan karo.

Amma tuwon girma miyarsa nama ce. Horon da ya kawo nasara shi ne kuma ya gajiyar da 'yan wasa. A kaka ta gaba Saint-Étienne ta Faransa ta fitar da su daga kofin zakarun Turai tun a zagayen farko, dangantaka ta yi tsami tsakaninsa da manyan 'yan wasa da shugabanni, aka sallame shi cikin watan Maris na 1970. Udo Lattek ya gaje shi, ya tarar da tushe a shirye. Daga 1972 zuwa 1974 Bayern ta ci lig sau uku a jere, daga 1974 zuwa 1976 kuma ta ɗauki kofin zakarun Turai sau uku a jere, da su Beckenbauer da Maier da Müller. Zebec kuwa yana kallo daga nesa.

A wajajen wannan lokaci ne aka yi masa babban aikin tiyata a ciki, a kan halittar nan da ke daidaita sukari a jikin mutum, ya kuma kamu da ciwon sukari. Mai irin wannan lalura ba shi da abokin gaba kamar barasa, domin ɗan kaɗan ma ya isa ya kayar da shi. Zebec kuwa bai rabu da kwalba ba.

KOWA YA TSARE GONARSA

Ya yi kusan shekara biyu a Stuttgart ba tare da wani abin a zo a gani ba. Daga nan ya koma ƙasarsu ya riƙe Hajduk ta garin Split, ya kai ta wasan kusa da na ƙarshe na wani kofin Turai a 1973, inda Leeds United ta fitar da ita da ƙwallo ɗaya tak a wasa biyu. A 1974 ya sake komawa Jamus, ya karɓi Eintracht Braunschweig, ƙaramar ƙungiya da ta dawo Bundesliga ke nan daga rukunin ƙasa.

A nan ne ya sami sararin gwada dabarar da masana suka fi tunawa da shi a kanta. Al'adar Jamusawa a lokacin ita ce a ba kowane ɗan baya mutum guda, ya bi shi duk inda ya sa ƙafa, ko da kuwa zai ja shi har bakin layi ya bar gida a buɗe. Zebec ya ga wannan ɓarnar ƙarfi ce. Ya raba fili kamar yadda ake raba gonaki, kowa da iyakarsa. In abokin hamayya ya shigo gonarka, naka ne, in ya tsallaka iyaka sai ka miƙa shi ga maƙwabcinka ka tsaya a wurinka. Haka kuma 'yan baya su riƙa matsowa gaba a tare, domin su bar ɗan gaban abokan hamayya cikin satar gida. Dabara ce mai wuyar koyo, domin in mutum guda ya yi barci duka sun faɗi, shi ya sa yake maimaita musu ita har sai ta zauna musu a jiki. Abin da ya zama ruwan dare a ƙwallon duniya daga baya, a Jamus ta wancan zamani baƙon abu ne.

Da wannan tsari Braunschweig ta zo ta biyar a 1976, ta zo ta uku a 1977, maki ɗaya tak ya raba ta da Borussia Mönchengladbach wadda ta ɗauki kofin. Wani abin lura shi ne, mai ɗaukar nauyin ƙungiyar kamfanin barasa ne mai suna Jägermeister, tambarinsa ne ma a gaban rigunan 'yan wasa.

GINI NA UKU: HAMBURG

A 1978 Günter Netzer, tsohon gwanin ɗan wasa wanda ya zama manajan ƙungiyar Hamburg, ya nemi mutumin da zai daidaita masa gida. Hamburg na da kuɗi da manyan 'yan wasa, ciki har da Kevin Keegan na Ingila da ta saya daga Liverpool, amma ba haɗin kai, har ta ƙare a matsayi na goma. Netzer ya san halin Zebec, ya san kuma matsalarsa, duk da haka ya ɗauko shi.

Cikin shekara guda ya mai da tarin taurari suka zama ƙungiya. Manfred Kaltz yana kawo ƙwallo ta dama, Horst Hrubesch yana sa mata kai, Felix Magath yana rarraba ta a tsakiya, Keegan kuwa ya ci 17. Hamburg ta zama zakaran Jamus a 1979, rabonta da haka tun 1960. A ƙarshen wannan shekara aka sake zaɓen Keegan gwarzon ɗan wasan Turai, karo na biyu a jere. Amma shi ma ya koka da tsananin horon, ya ga in ya ci gaba a haka ƙarfinsa zai ƙare tun lokaci bai yi ba, ya koma Southampton ta Ingila a 1980.

Watan Afrilu na 1980 shi ne ya nuna wa duniya fuskokin Zebec guda biyu cikin mako guda. Ran 19 ga wata Hamburg na da wasa a Dortmund. Mutumin da ba ya yafe wa ɗan wasa makarar minti guda, shi ne ƙungiya ta tafi ta bari. Ya bi su a mota, 'yan sanda suka tsare shi a hanya, suka same shi a buge, suka karɓe lasisinsa. Ran wasa ya zauna a benci bai san inda kansa yake ba, masu ɗaukar hoto suna ta ɗauka, har sai da shugabannin ƙungiya suka janye shi kafin a tashi. Aka yi biyu da biyu. Abin da ake ta rufa-rufa a kansa shekara da shekaru ya fito fili a jaridu.

Bayan kwana huɗu, ran 23 ga wata, Real Madrid ta zo Hamburg a wasan kusa da na ƙarshe na kofin zakarun Turai, tana da ci biyu a hannu daga wasan farko. 'Yan wasan Zebec suka yi mata kaca-kaca, biyar da ɗaya, Kaltz da Hrubesch kowa ya ci biyu. Har yanzu mutanen Hamburg na lissafa wannan dare cikin mafi girma a tarihinsu.

Wasan ƙarshe aka yi shi a Madrid ran 28 ga watan Mayu, da Nottingham Forest ta Brian Clough. John Robertson ya ci ƙwallo ɗaya tun da wuri, Turawan Ingila suka toshe gida, Peter Shilton ya hana komai wucewa. Hrubesch da ke fama da rauni bai shigo ba sai bayan hutun rabin lokaci. Haka aka tashi. Bayan 'yan kwanaki kuma Bayern ta ɗauke kofin lig da ratar maki biyu.

Shugabannin Hamburg sun yi ta haƙuri domin ƙungiya na cin wasa, amma al'amarin ya ci gaba da maimaituwa a bainar jama'a. Cikin watan Disamba na 1980 suka sallame shi, alhali ƙungiyar na sahun gaba a tebur. A 1981 aka kawo Ernst Happel ɗan ƙasar Ostiriya, ya ɗora a kan abin da ya tarar, ya ci lig a 1982 da 1983. A 1983 ɗin kuma Hamburg ta doke Juventus a birnin Atina ta ɗauki kofin zakarun Turai. Felix Magath, almajirin Zebec, shi ne ya ci ƙwallon.

ƘARSHEN TAFIYA

Ko a wannan hali basirarsa ba ta gudu ba. Borussia Dortmund ta ɗauke shi a 1981, ya kai ta matsayi na shida ta sami gurbin wasa a Turai, abin da ta daɗe ba ta gani ba, amma shekara guda kawai suka iya zama tare. Ya koma Eintracht Frankfurt a 1982, ƙungiyar da Jay-Jay Okocha namu ya yi suna a cikinta shekara goma bayan haka, ya bar ta cikin watan Oktoba na 1983. A 1984 ya sake riƙe Dinamo Zagreb na ɗan lokaci, daga nan ba wanda ya ƙara ba shi ƙungiya. Ya rasu a Zagreb ran 26 ga watan Satumba na 1988, yana da shekara 59, bayan barasa ta gama cinye masa lafiya. An binne shi a maƙabartar Mirogoj ta birnin.

Bai ga rushewar Yugoslabiya ba, bai kuma ga Kuroshiya ta zama ƙasa mai cin gashin kanta a 1991 ba. Bai ga jikokinsa a wasa sun zo na uku a duniya a 1998 ba, balle 2018 da suka doke Nijeriya da ci biyu a wasansu na farko suka wuce har wasan ƙarshe. Amma hannunsa bai ɓace daga ƙwallon Jamus ba. Magath, wanda bai taɓa ɓoye cewa a wurin Zebec da Happel ya koyi sana'a ba, ya haɗa wa Bayern lig da kofi a 2005 da 2006, ya kuma ci lig da Wolfsburg a 2009, da irin horon nan mai tsanani da aka yi masa yana saurayi.

Wanda ya duba rayuwar wannan mutum zai ga laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Ƙungiyoyin da suka ɗauke shi sun san ciwonsa tun kafin su sa hannu a takarda. Muddin ana cin wasa sai a kau da kai, ranar da abin ya zama abin kunya sai a nuna masa ƙofa, wata ƙungiyar kuma ta ɗauka ta matse sauran abin da ya rage. An yi ta neman maganin raunin 'yan bayan ƙungiya a wurinsa, nasa raunin kuwa ya tafi da shi har kabari.

Ga matasanmu masu buga tamaula a filayen makarantu da bayan gari, da malaman da ke horar da su, akwai abin ɗauka a nan ta fuska biyu. Zebec ya tabbatar da cewa 'yan wasa goma sha uku masu jin magana sun fi talatin marasa tsari, ya kuma nuna ƙaramar ƙungiya na iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa da manya in kowa ya tsare gonarsa. Sa'an nan ya nuna, da ransa da lafiyarsa, cewa dokar da malami ya kafa wa almajirai in bai fara da kansa ba, wata rana ita ce za ta tsaya shaida a kansa.